Motar da Baƙin Manta Ke Ƙaruwa

Duk wanda ya taɓa ɗora buhun albasa daga Tumbutu zuwa kasuwar Malanbil ya san bashen Maigandi. Tumbutu ta nan kusa nake nufi, ta bakin fadama, kada wani ya kai hankalinsa Mali. Bashe kuwa ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake yafa wa tamfol, kuma ta Maigandi ta girmi rabin masu kabu-kabun garin nan. Launin fentinta na asali babu mai iya rantsuwa a kansa. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta, madubi ɗaya ne ya rage, shi ma tsagagge. Amma ka kuskura ka kira ta akwala a gaban mai ita, ranar a ka za ka ɗauki albasarka.

Maigandi dattijo ne dogo, marar yawan dariya, kuma ba za a ɓoye ba, hannunsa ba ya saurin buɗewa. Ba mugu ba ne, a'a, sai dai goro ɗaya yakan kai shi tun safe har la'asar ba tare da ya ga wanda ya dace ya gutsura wa ba. Matarsa Rabi ce Allah ya yi daban. Ita in ka shigo roƙon gishiri sai ta haɗa maka da daddawa, in ka zo aron turmi sai ka fita da tsakin gero a ƙwarya. Shekara da shekaru suna wannan faɗa, shi yana cewa za ta rabar da gidan har da ƙyaure, ita tana cewa ai ƙyauren ma akwai masu buƙata. Ba ta daina ba, shi ma bai daina mita ba.

Bara da kaka ciwo ya kwantar da ita. A bashen nan ya ɗauke ta zuwa asibiti a Kandi, ta zauna gaba, an tokare ta da matashi. Sun wuce Gene kaɗan ta miƙa hannu ta dafa ƙarfen gaban motar, inda rana ta ƙone fenti, ta ce:

"Wagga tsohuwa ta ciyar da mu. Allah shi sa mata albarka, kada manta shi ƙare."

Maigandi ya ce amin, hankalinsa na kan ramukan hanya. Rabi ba ta dawo ba sai a bayan motar, a lulluɓe.

Bayan an yi sadakar arba'in ya koma aiki. Wata safiya ya ɗaga murfin inji ya zaro tsinken awon baƙin mai kamar yadda ya saba, don bashen nan tun da ya san ta shan mai take yi, kullum sai an ƙara mata. Ya ga mai ya wuce alamar cika. Ya goge tsinken da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Yana nan yadda yake. Ya ce ƙila ƙasar wurin ce ba daidai ba, ya tura motar gaba kaɗan ya sake aunawa. Da mako ya zagayo man ya ƙara hawa, alhali ko ɗigo bai zuba ba. Nan maganar Rabi ta faɗo masa. Dattijon nan da bai yi kuka a gaban kowa ba ranar jana'iza, ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar gaba ya yi kuka har ya gaji.

Tun daga ranar, zaro tsinken nan ya zama gaisuwar safe tsakaninsa da matarsa. Ba hotonta gare shi ba, tufafinta an raba wa dangi, ɗakinta 'ya'yan ƙanensa sun shiga. Abin da ya rage masa nata a duniya shi ne ɗan man nan da ke hawa a kan tsinke, kuma ya riƙe shi da iyakar ƙarfinsa.

Mutum ɗaya tak ya gaya wa, Yari mai amalanken shanu. To wanda ya gaya wa Yari magana ai ya hutar da mai shela. Kafin kasuwa ta sake ci, daga masu kifi na bakin Kwara har masu ɗinkin buhu, kowa ya ji cewa motar Maigandi haihuwar mai take yi saboda addu'ar marigayiya. Sai ga mutane a ƙofar gidansa da sassafe, wannan da gwangwanin tumatir, wancan da 'yar kwalba. Yari na so ya shafa wa gindin tayar amalanke. Wata na so ta ɗiga wa ƙyauren da ke kuka. Manoma na so su shafe ƙafafun rumbu saboda gara, tela na so ya sa wa fedar kekensa. Maigandi ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa kada kowa ya zuba a injin ban-ruwa ko babur, don mai ne da ya riga ya yi aiki ya yi baƙi. Ban da wannan, sai ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin mota, ya sassauta notin ƙasa, ya tara kwano, ya fito ya raba.

Matsalar ita ce masu zuwa sun fi abin da motar ke haifa. Da farko rarar kawai yake tatsa. Amma ya za ka dubi tsohuwa da ta tako tun daga bayan kasuwa da gwangwani a hannu, ta ce maka ta zo karɓar albarkar Rabi, ka ce mata ta ƙare? Bakinsa ya kasa. Sai ya riƙa tatsa har ƙasa da alama, in mutane sun watse ya zagaya can wani shago inda ba a san shi sosai ba, ya sayo sabon mai ya cika. Abin yana cin ransa ƙwarai. Gani yake ya zama kamar mai nonon da ke ƙara ruwa, yana gauraya addu'ar matarsa da man shago. Galan-galan ɗin da ya juye yakan jefa bayan ɗakin girki ya rufe da tsohon tamfol.

A wannan tsakanin bashe ta fara wasu halaye. Isansi, wato fetur, ta koma shansa kamar ana zubarwa a ƙasa. Maigandi ya ɗora laifin a kan masu sayar da man kwalba na bakin hanya, ya ce kwalabensu ne suka ƙanƙance. Da safe sai an yi ta fama kafin ta tashi. In ta ɗauki kaya ta zo hawa sai ta riƙa shaƙewa tana fizga. Mai hankali ai gareji zai nufa, kuma garejin ba nisa, na Issaka ne, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a hanyar Gene.

Issaka ɗan ƙabilar Dandi ne, gajere mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, kuma shi ke duba bashen nan tun Maigandi na da baƙin gemu. Abokai ne na shan shayi da tsokanar juna. Sai dai yana da hali ɗaya da Maigandi ya fara tsoro, ba ya barin abu ya zauna lafiya sai ya san dalilinsa. Da labarin man ya kai masa, ya aika ta bakin Jamilatu, ɗiyar Maigandi da ke aure nan cikin unguwa tana kawo wa uban abinci, cewa motar da manta ke ƙaruwa ba lafiya gare ta ba, a kawo ta ya gani. Maigandi ya ce a gaya masa ya ji. Daga nan ya daina zuwa shan shayi, in ma hanya ta biyo da shi ta gaban garejin sai ya kau da kai kamar yana duba madubin da babu. A can ƙasan zuciyarsa ya san Issaka ba ya faɗin abin da bai sani ba, kuma wannan ne ya sa bai son ji.

Haka aka tafi har bazara ta shigo, lokacin da albasa ke fitowa daga fadama kamar ba za ta ƙare ba. Ran nan ya ɗauko lodi daga Tumbutu, rana ta take, ya zo daidai inda hanyar ƙasa ke hawa kan kwalta a bakin gari. Bashe ta yi tari, ta fizga, ta yi shiru. Ya murza makulli, inji ya juya ya juya bai kama ba. Ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan inji, ya jira ta huce, ya sake murzawa har batir ya fara kasala. Masu albasa suka gaji da tsayuwa, suka tare wata mota suka kwashe kayansu, suna yi masa sannu irin wadda ta fi zagi ciwo.

Wa zai ɓullo in ba Yari ba, da shanunsa biyu da amalanke babu kaya. Bai tsaya dogon zance ba, ya ɗaura igiya a ƙarfen gaban bashe ya ce wa Maigandi ya shiga ya riƙe sitiyari. Haka suka ratsa Malanbil, shanu a gaba, mota a baya, masu kabu-kabu na bin su da ham suna tambaya ko shanun ma man albarka suka sha. Maigandi ya leƙo yana cewa a yi gida da ita, gida. Yari ya yi kamar iska ce ke kaɗawa. Mai riƙe da sitiyari a motar da sa ke ja ba shi da ta cewa, sai ga su a ƙarƙashin dogon yaro.

Issaka bai yi masa gori ba, kuma wannan ya fi gorin nauyi. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tura masa benci, sannan ya ɗaga murfin inji. Ya fara da wuta, ya zare wayar buji, wato fulogi, ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya sa Yari ya murza makulli. Wuta ta yi tsalle shuɗiya, ya ce nan lafiya. Ya ciro 'yar matatar isansi ya busa, iska ta wuce. Ya busa tiyon da ya taho daga tanki, aka ji ɓulɓul a baya, ya ce hanya a buɗe take. Sai ya cire tiyon da ke shiga kabireta ya zura bakinsa a kwalba, ya ce a sake murzawa. Inda ya kamata isansi ya riƙa tsartuwa da ƙarfi, sai ga shi yana ɗiga kamar hawayen wanda ba a yi wa mutuwa ba. Issaka ya ɗaga kwalbar ya nuna wa Maigandi.

Daga nan ya kai hannu ga tsinken awo. Maigandi ya miƙe tsaye daga kan benci bai san ya miƙe ba. Issaka ya zaro tsinken, ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsu biyu. Mai da ya kamata ya yi danƙo, sai ga shi yana gudu kamar ruwan shayi. Ya ja da baya nesa da motar, ya kunna ashana ya kusantar. Bakin tsinken ya kama da wuta fuu, ya ci ya mutu.

Cikin natsuwa ya yi masa bayani. Ya nuna masa wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙaramar tukunya da ke manne a gefen inji, ya ce wannan shi ne famfon isansi, shi ke zuƙo mai daga tanki ya tura wa kabireta. A cikinsa akwai wata fatar roba da ke sama da ƙasa, ita ce katanga tsakanin isansi da baƙin mai. In ta tsufa ta tsage, rabin isansin sai ya bi ta tsagar ya gangara cikin inji ya gauraye da baƙin mai. Shi ya sa tanki ke ƙarewa da wuri, shi ya sa take mutuwa a hawa, kuma shi ya sa tsinke ke nuna ƙari.

Maigandi ya ce a gyara mata mutuwar da take yi, amma a bar famfon nan inda yake. Issaka ya ce ciwon ɗaya ne, ba a raba shi. Maigandi ya ce to a ɗaura jarka a kan rufin mota a sako tiyo, kamar yadda direbobin daji ke yi. Issaka ya ce ana iyawa, amma ko an yi haka man ya daina ƙaruwa ke nan, tunda isansi ba zai sake bi ta famfon ba. Sannan ya rage murya, ya kira shi da sunan da ya saba:

"Dogo, in na ɓoye maka na ci amanarka. Wanga mai ba ya riƙe ƙarfe. Watanni tana tahiya da shi, ina tsoron cikin injin ya riga ya cinye kansa. Ko mun sa sabon famfo, ban yi maka alkawarin za ta tashi ba. In kuwa ka bar ta haka, wata rana wuta za ta kama da mutane a baya."

Maigandi ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya kaɗe, ya tafi gida a ƙasa. Ya ji haushin Issaka, ya ji haushin Yari da shanunsa, ya ji haushin ashana ma. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne kunya. Ashe duk safiyar nan da yake tsayawa yana gaisawa da Rabi, da tsagaggiyar roba yake gaisawa.

Da la'asar Jamilatu ta kawo tuwo ta same shi zaune a zaure, ko buta bai taɓa ba. Labari ya riga ya kai mata, garin nan ba a kwana da magana. Ta ajiye kwano ta zauna nesa kaɗan. Ba ta yi masa wa'azi ba, ta dai tuna masa cewa ranar da za a kai Inna Kandi, motoci nawa aka nema babu, wannan ce ta tashi. Ta ce har yanzu in naƙuda ta yi gardama a Tumbutu, lambarsa ake kira. Sannan ta ce:

"Baba, ni ina wurin ba a ba ni labari ba, a gefenta nike zaune. Inna cewa ta yi ta ciyar da mu. Ba ta roƙa mata ta mutu a tsaye tana cike da mai ba."

Ya jawo kwanon ya buɗe, ita kuma ta tashi ta ba shi wuri.

Washegari da hantsi ya isa gareji. Ya ce wa Issaka a cire famfon. Da ya faɗi kalmar sai ya ji kamar ya sake sa hannu ya ɗauki makara, kuma ya san yana iya tashi babu albarkar babu motar. Issaka ya riga ya aika wa Zayyad, wani ɗan Kamba mai shagon kayan mota a kasuwa, an kawo famfo sabo a kwali. Tun jiya ya aika, don ya san abokinsa fiye da yadda abokin ya san kansa.

Aikin bai da yawa ga wanda ya iya. Issaka ya cire kan batir tukuna, ya zare tiyo biyu ya toshe na tanki da ɗan itace, ya kwance noti biyu, ya girgiza famfon ya fito da ɗan hannunsa na ƙarfe da ke shiga cikin inji. Ya ajiye shi a kan benci ya warware ƙananan kusoshin kansa, ya ɗago fatar robar ya miƙa wa Maigandi. Ta bushe ta yi tauri, kuma a gefe ɗaya ga tsagar, tsawonta bai fi ƙwayar shinkafa ba. Maigandi ya ɗaga ta sama, hasken rana ya ratso ta ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa ta a aljihu, Issaka kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ya kankare tsohuwar takardar liƙi daga jikin inji har wurin ya yi sumul, ya shimfiɗa sabuwa. Ya sa hannu ya juya injin kaɗan don hannun famfon ya sami wurin zama ba tare da an tilasta shi ba, ya zura, ya ɗaure notin nan kaɗan, wancan kaɗan, har suka zauna daidai. Ya mayar da tiyo. Sannan ya tura babban kwano ƙarƙashi ya kwance notin ƙasa gaba ɗaya, man ya zubo yana warin isansi har sai da Yari, wanda ya zo kallo, ya ja da baya da tabarsa.

Nan ne Issaka ya tsuguna. Ya jawo kwanon zuwa rana ya karkata shi, yana neman ƙyalƙyalin garin ƙarfe, don injin da ya ci kansa a mai yake barin shaida. Ya zura yatsu har ƙasa ya shafo. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo ya zagaya da shi cikin man ya ɗago. Ya ɓata fuska, ya sake zagayawa. Sannan ya tashi ya canza matatar mai, ya ɗaure noti, ya juye sabon mai, ya ɗiga isansi kaɗan a bakin kabireta, ya mayar da kan batir. Ya ce wa Maigandi ya shiga da kansa.

Maigandi ya murza makulli. Inji ya juya, ya kama, ya mutu. Ya sake. A karo na gaba ya kama ya riƙe, jar fitilar mai ta ɗauke nan take, bashe ta tsaya tana gurnani a hankali irin wanda ya manta tana da shi. Issaka ya ɗauki dogon ƙarfe ya dafa bakinsa a jikin inji, ya kara kunne a ɗaya bakin. Ya saurara a gaba, ya saurara a baya, ya saurara a ƙasa. Ya miƙe yana sosa ƙeya, ya ce shi fa bai gane ba. Babu ƙwanƙwasa, babu garin ƙarfe. Ya ce ya ga injin da isansi ya shiga wa mai, wata biyu ba ya kaiwa, wannan kuwa tun kaka. Ya tambayi Maigandi yaushe rabonsa da juye mai. Maigandi ya ce tun kafin rasuwa, ya kuwa dubi ƙasa.

Jamilatu ta iso ke nan da kwanon fura, ta ji tambayar. Ta ce to in ba a juye mai ba, galan-galan ɗin nan da suka cika bayan ɗakin girki, waɗanda Baba ke rufewa da tamfol yana zaton kaji ba sa tonawa, na mene ne? Ta ce ita ta ɗauka sana'ar gwangwan zai fara.

Kunya ta rufe Maigandi, ga Yari a tsaye, wanda ya fi kowa karɓar man. Ya fara kame-kame, yana cewa mutane ne suka yi yawa, rarar ba ta isa, shi kuma ba ya iya cewa babu. Issaka ya tambaye shi sau nawa yake tatsa. Ya ce kusan kullum. Ya tambaye shi sau nawa yake cikawa da sabo. Ya ce duk sanda ya sauka ƙasa da alama, wani lokaci sau biyu kafin kasuwa ta zagayo.

Issaka ya fashe da dariya har cikinsa na rawa, ya zauna a kan benci yana share ido. Can dariyar ta tsaya. Ya dubi abokinsa ya ce:

"Dogo, ka san abin da ka yi? Kullum kana fidda gurɓatacce kana zuba mai kyau. Da ka riƙe shi ka hana mutane, da tun kafin sanyi shi wuce injin ga ya mutu. Kyautar ce ta riƙe ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ni na san ka shekara talatin, ko sukarin shayi ba ka taɓa kawowa ba. Wanga hali ba naka ba ne. Mun san mai shi."

Jamilatu ta juya baya tana gyara lulluɓi. Maigandi ya tsaya riƙe da ƙofar mota, inji na aiki a gefensa, ya ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka. Daɗi ne ya ji, tsantsar daɗi, irin wanda bai ji ba tun kaka. Yari kuwa ya ce shi dai amalankensa ba ta sake kuka ba, ko man shago ne ko na sama. Suka zauna suka sha furar tare, Issaka na cewa gobe in Maigandi bai zo da sukari ba kada ya zauna masa a benci.

Kashegari da sassafe Maigandi ya ɗaga murfin inji ya zaro tsinke. Mai yana daidai kan alama, garau, bai hau ba bai sauka ba. Ya san haka zai gani, amma duk da haka sai da ya sake dubawa. Ya goge tsinken ya mayar a hankali.

Yana rufe murfin aka yi sallama. Wata tsohuwa ce daga cikin masu tsince shinkafa a bayan kasuwa, da gwangwanin tumatir a hannu, ta ce ƙyauren ɗakinta ne ya ƙi rufuwa, an ce mata a nan ake samun man Rabi. Maigandi ya gaya mata gaskiya, ya ce an gyara motar jiya, ta daina ƙaruwa. Tsohuwar ta ce Allah sarki, ta yi masa fatan alheri, ta juya.

"Tsaya, Inna," in ji shi.

Ya shiga zaure ya ɗauko galan ɗin da Issaka ya bar masa ragowar sabon mai a ciki, ya cika mata gwangwanin har baki. Ta karɓa da hannu biyu tana godiya, ta kama hanya. Ta kai bakin lungu ke nan ta ji takun mutum a bayanta. Maigandi ne, da manyan albasa uku da suka zube a bayan bashe, yana ƙoƙarin ɗaure mata su a gefen zane. Ta ce ai ita ba ta roƙi albasa ba.

Ya ce ya sani, haka ake yi a gidan nan.